Na'urorin tura saƙo ta tauraron ɗan'adam: wacce za ka rataya a jaka in za ka shiga inda babu sabis?

Jama'a yau maganar ƙananan na'urorin nan nake so mu yi, waɗanda ake ratayawa a jikin jaka su tura saƙo ta tauraron ɗan'adam a wurin da waya ba ta nuna ko sanda ɗaya ta sabis, sabida na lura yawancin masu saye hoton kwali kawai suke kallo da yawan kwanakin batir, alhali abin da zai yi maka rana ba a nan yake ba. Masu hawan duwatsu, masu ratsa hamada a mota ko a babur, masu shiga ƙungurmin daji aikin bincike, masu kamun kifi da ke yin nisa da gaɓar teku, duk buƙatarsu ɗaya ce, in wani abu ya faru a ji su a zo, in kuma lafiya ƙalau suke na gida su samu kwanciyar hankali. Waɗanda zan duba su ne Garmin inReach Mini 2, da inReach Messenger da sabuwarta Messenger Plus, da ZOLEO, sai SPOT Gen4 da SPOT X. Zan kuma taɓo PLB, wato ƙaramar na'urar da kiran ceto kawai take yi, da wayoyin zamani masu kama tauraro, don su ma suna cikin lissafi.

Kafin ka kalli ita kanta na'urar, fara tambaya tukuna: taurarin wane kamfani take hawa? Wannan tambayar ta fi launi da girma da duk wata kwalliya. Garmin da ZOLEO dukkansu Iridium suke amfani da shi. Iridium yana da taurari 66 masu aiki, suna zagaya duniya a nisan kusan kilomita 780 daga ƙasa, kuma abin da ya bambanta su shi ne suna magana da junansu a can sama, wato in ka tura saƙo wanda ke saman kanka ya karɓa sai ya miƙa wa na kusa da shi, wancan ma ya miƙa gaba har a kai ga wanda yake hango tashar ƙasa. Shi ya sa suke rufe duniya baki ɗaya, har tsakiyar teku da ƙuryar arewa da ta kudu masu ƙanƙara. An ma sabunta taurarin gaba ɗaya tsakanin 2017 da 2019. Kuma tunda ba a tsaye suke wuri ɗaya ba, in dutse ya tare maka ɗaya, ka ɗan jira mintuna wani zai ɓullo ta wani gefen.

SPOT kuwa ta kamfanin Globalstar ce, taurarinsa ne take hawa, su suna can kusan kilomita 1,400. Tsarinsu daban ne, tauraron kamar madubi yake, saƙonka ya buge shi ya dawo ƙasa kai tsaye, toh dole a daidai wannan lokacin ya kasance yana ganinka yana kuma ganin wata tashar ƙasa, in babu tasha a kusa shikenan saƙo ba inda za shi. Don haka akwai wuraren da ba sa kaiwa, musamman tsakiyar manyan tekuna da ƙuryoyin duniya guda biyu, kuma taswirar inda ake iya turawa kawai daban take da ta inda ake iya turawa a kuma karɓa, ta biyun ta fi ƙanƙanta. Ba wai ina cewa SPOT ba ta aiki ba ne, a inda taurarinta suke da ƙarfi tana yi sosai, amma duk wanda zai saye ta ya buɗe taswirar kamfanin ya nemo ainihin inda za shi kafin ya biya ko sisi.

Yanzu ga abin da ni a wurina ya fi komai: shin na'urar tura saƙo kawai take yi, ko tana karɓar amsa?

SPOT Gen4 da ta fito a 2020 turawa kawai take. Tana da maɓallin SOS, wato na kiran ceton gaggawa, da na "ina lafiya", da na neman taimakon da bai kai na gaggawa ba, da wani saƙo guda da ka riga ka rubuta tun a gida. Ka danna, fitila ta yi walƙiya ta nuna maka cewa ta harba, amma ba ta da hanyar da za ta gaya maka saƙon ya isa ko bai isa ba, kuma babu wanda zai iya ce maka komai ta cikinta. Ka yi tunanin abokin tafiyarka ya zame ya karye a cinya, rana ta kusa faɗuwa, sanyi na sauka, ka danna SOS ka zauna. An ji? Yau za a zo ko gobe? Ka tsaya da shi ne ko ka bar shi ka nemi inda za ka samu mutane? Babu amsa ko ɗaya, kuma a irin wannan halin ne mutane suke yanke shawarar da ke ƙara jefa su cikin matsala. Su ma masu ceton a ɗaya ɓangaren a duhu suke, ɗigo kawai suka gani a taswira, ba su san mutum nawa ba ne, ba su san karaya ba ce ko ciwon zuciya ko mota ce ta kafe a yashi, kuma kowanne da irin kayan da ake ɗauka da irin saurin da ake yi.

In na'ura mai amsawa ce kuwa, bayan ka danna za a rubuto maka daga cibiyar agaji a tambaye ka me ya faru, yana numfashi, yana zubar da jini, zai iya taka ƙafa, kuna da ruwan sha, sannan a gaya maka abin da za ka yi masa kafin a iso da kuma lokacin da ake sa ran isowar. In ma kuskure ne ko matsalar ta warware, sai ka yi bayani a dakatar, ba a tashi jirgi mai saukar ungulu a banza ba. Sannan gaskiyar magana yawancin amfanin na'urar ma ba SOS ba ne, ƙananan saƙonni ne irin su "hanya ta lalace zan ƙara kwana ɗaya, kar ku damu" ko "ku zo ku ɗauke mu ta ɗaya bakin hanyar ba inda muka yi da ku ba". Irin wannan saƙon shi ke hana iyali tada hankalin hukuma, shi ke sa ƙaramar matsala ta mutu tana ƙarama. Sabida haka ni dai in kuɗin mutum ya kai, ba na ba shi shawarar mai turawa kawai.

Tambaya ta biyu da take bin wannan a baya: in wayarka ta mutu, me na'urar za ta iya ita kaɗai? Domin kusan dukkansu ana haɗa su da waya ta Bluetooth ne a yi rubutu a manhaja, toh waya kuma ita ce ta fara faɗawa ruwa, ita ce sikirin ɗinta ke fashewa, ita ce sanyi ke zuƙe wa caji.

A nan ne inReach Mini 2 ta burge ni. Ta fito a 2022, nauyinta giram 100 kacal, tana shiga tafin hannu, kuma tana da ɗan sikirin nata da za ka karanta saƙon da aka turo maka, ka kuma rubuta amsa ba tare da waya ba. Rubutun akwai wahala kam, harafi ɗaya-ɗaya kake zaɓa da maɓallan gefe, jimla guda sai ta ci maka mintuna, in yatsu sun sandare da sanyi kuma abin ya ƙara tsanani. Amma yana yiwuwa, kuma a ranar da waya ta tafi wannan "yana yiwuwa" ɗin shi ne komai. Akwai kuma gajerun amsoshi da za ka tanada tun a gida ka riƙa zaɓa kawai. Bayan haka tana ajiye sawun hanyar da ka bi, in ka ɓata ka kunna TracBack ta mayar da kai ta inda ka fito, tana da kamfas, tana nuna maka lambobin wurin da kake tsaye. Taswira ta sosai dai babu a ɗan sikirin ɗin, mai son wannan sai ya koma kan manya irin GPSMAP 67i, ita kuma nauyi da girma sun ninka. Su inReach ɗin nan asali na kamfanin DeLorme ne, Garmin ta saye shi a 2016, don haka tsarin ya daɗe ana gwada shi a fili.

inReach Messenger ita ma 2022 ta fito, faffaɗa ce mai kusurwa huɗu, kusan giram 114. An yi ta ne don wanda zai fi yin rubutu ta waya, sikirin ɗinta ƙarami ne ƙwarai, amma duk da haka ana karanta saƙo a kai kuma ana iya amsawa in ta kama. Ƙarfinta batir ne, kamfanin ya ce har kwana 28 in tana tura wurin da kake duk minti 10, ninki biyu na Mini 2 da aka rubuta wa kwana 14. Sannan tana iya ɗan ɗura wa wayarka caji ta kebul in wayar ta mutu, ba cikawa za ta yi ba, ɗan abin da za ka rubuta saƙo ne, kuma wannan dabara ce mai kyau wallahi. Messenger Plus ta 2024 ta ƙara da tura hoto da saƙon murya na daƙiƙa 30, rubutu kuma har haruffa 1,600 maimakon 160 da aka saba. Da farko mutum zai ɗauka hoto na masu son nuna wa abokai kan dutse ne, amma ka tuna hoton rauni ko na ƙarfen mota da ya karye yana bayanin da rubutu goma ba zai yi ba.

ZOLEO kuma ta shigo kasuwa a 2020, a lokacin haɗin gwiwar wani kamfanin Ostireliya ne mai suna Beam da Roadpost na Kanada. Giram 150, jiki mai ƙwari, batir sama da awa 200 a faɗar masu ita. Ba ta da sikirin ko kaɗan, fitilu ne kawai da maɓallin SOS da na "ina lafiya". In wayarka ta mutu SOS zai tafi, fitila za ta nuna maka an karɓa, wanda ya riga ya fi na Gen4 nesa ba kusa ba, amma hira da masu ceto ta ƙare, ba za ka karanta tambayarsu ba balle ka amsa. Wannan shi ne babban rauninta a wurina. Inda ta yi zarra kuwa wajen hira da iyali ne. Tana ba ka lambar waya taka ta dindindin da adireshin imel, duk wanda ka ba shi zai iya fara turo maka saƙo kamar yadda yake tura wa kowa, ba sai ya koyi komai ba. A tsarin inReach da aka saba, in ka tura wa mutum tes daga wata lamba yake zuwa masa wadda ba taka ba ce, shi kuma ya amsa a kanta, wato kai ne kake fara buɗe ƙofa, sai dai in shi ma ya sauke manhajar Garmin Messenger. Ga wanda iyayensa tsofaffi ne ko matarsa ba ta son yawan manhajoji, lamba guda da ba ta canzawa ba ƙaramin sauƙi ba ce. Manhajar ZOLEO kuma tana duba in akwai Wi-Fi ko sabis ɗin waya ta bi ta nan, in babu ne take hawa tauraro, hirar tana nan a zare ɗaya ba ta yankewa, tsakanin manhaja da manhaja kuma kana iya rubuta haruffa kusan 900. Garmin ma ta kawo irin wannan sauyawar a manhajarta daga baya.

SPOT X ta 2018 tana karɓar amsa, tana da cikakken kibod a jiki da lambar waya tata, wato ba ta dogara da waya ba sam, a takarda ita ce ta amsa tambayoyina guda biyu. Sai dai ta fi sauran girma da nauyi, kusan giram 200 da eriya a tsaye, kuma maganar taswirar Globalstar tana nan a kanta.

Maganar batir, kar ka ɗauki lambar kwali a matsayin alkawari. Ana auna ta ne a fili fetal inda sama take a buɗe. Ka shiga ƙarƙashin manyan bishiyoyi masu duhuwa ko cikin kwazazzabo mai zurfi, na'urar za ta yi ta ƙoƙarin turawa tana kasawa tana sakewa, kowane ƙoƙari kuma caji yake ci, sati biyun nan sai ya koma 'yan kwanaki. Sanyi mai tsanani ma yana rage shi. Abin da ke taimakawa shi ne ka tsawaita tazarar tura wuri daga minti 10 zuwa 30 ko fiye, ka kashe ta da dare, kuma ka rataye ta a saman kafaɗar jaka eriya na kallon sama, ba ka cusa ta ƙasan kaya ba, don jikinka ma kansa yana tare sigina. A wannan fannin Gen4 tana da abin yabo guda, ƙananan batura huɗu na AAA take ci, in sun ƙare ka zuba wasu ka ci gaba, ba ruwanka da neman wurin caji. Batun ruwa kuwa ba zan ɓata lokaci ba, dukkansu suna jure ruwan sama da faɗawa rafi, na Garmin an gwada su a zurfin mita 1 na minti 30, ZOLEO ta ɗan ɗara haka.

Sai kuɗin wata, wanda mutane da yawa ba sa lissafawa sai sun saya. Waɗannan na'urorin duka ba sa aiki sai da rijista mai rai, kuma ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau: in rijistarka ta ƙare, kar ka sa rai maɓallin SOS zai yi maka komai. Duba kuɗin buɗe layi na farko, duba ko ana barin ka dakatar a watannin da ba ka tafiya da abin da ake caja a kan hakan, duba saƙo nawa aka ba ka a wata, ko saƙon da aka turo maka shi ma ana cire shi daga naka, don a tsare-tsare da yawa ana cirewa, ɗan uwa mai yawan gaisuwa sai ya cinye maka rabon wata a kwana biyu. Neman hasashen yanayi ma, wanda Garmin da ZOLEO duk suna bayarwa, yawanci cikin lissafi yake. Tsare-tsaren suna canzawa lokaci zuwa lokaci, sabida haka ka haɗa kuɗin na'ura da na shekara biyu ko uku a tsarin da ake kai ranar da za ka saya, sau da yawa mai arha a kanti ita ce mai tsada a ƙarshe.

Kuma a fahimci me SOS yake yi. Saƙon yana zuwa wata cibiya ce mai aiki dare da rana, na Garmin ana kiranta Garmin Response, ZOLEO tana aiki da Global Rescue, SPOT kuma da FocusPoint. Su ba su ne za su zo da kansu ba, hukumar ceto mafi kusa da kai suke nema su ba ta bayaninka, su kira mutanen da ka rubuta a matsayin na gaggawa. In yankin yana da ƙwararrun masu ceto da jirage, abin zai yi sauri, in babu kuwa maɓalli ba zai ƙirƙiro su ba, a nan ma iya rubuta wa wani naka wanda ya san hanya kuma yake da mota ya fi komai amfani. Kuɗin ceton ma, a inda ake biya, ba ya cikin kuɗin wata, inshora ce daban.

Wanda shi ceto kawai yake so, ba hira ba, ya duba PLB, irin su ACR ResQLink. Ita ba ta tura saƙon "ina lafiya", aikinta ɗaya ne. Tana harba sigina mai ƙarfin wat 5 a kan 406 MHz zuwa taurarin Cospas-Sarsat, tsarin gwamnatoci da Amurka, Kanada, Faransa da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka kafa, wanda ya fara ceton rai tun 1982, sannan tana fitar da wata siginar a 121.5 MHz da masu ceto suke bi in sun matso kusa. Babu kuɗin wata ko kaɗan, rijista kawai za ka yi da hukumar ƙasarka, batirinta yana zama shekara 5 ko fiye a ajiye, in an kunna kuma yana yin aƙalla awa 24. Wasu sababbi ma suna kunna fitila su nuna an karɓi kiranka ta taurarin Galileo na Turai. Ga masu shiga teku musamman, ni ina ganin PLB a jikin rigar ceto da na'urar saƙo a cikin jirgi ba almubazzaranci ba ne.

Wasu za su ce ai waya ma yanzu tana yi. Haka ne, tun iPhone 14 a ƙarshen 2022 Apple ta sa kiran gaggawa ta taurarin Globalstar, daga baya ta ƙara tura saƙon yau da kullum a wasu ƙasashe, wasu wayoyin Android ma sun bi sahu. Abu ne mai kyau kuma ya ceci mutane. Amma ba a kowace ƙasa aka kunna shi ba, dole ka riƙe wayar kana bin tauraron da hannu yadda sikirin ya nuna maka, ba ta tura sawunka da kanta tana rataye a jaka, kuma batirin da kake ɗaukar hoto da duba taswira da shi shi ne dai na kiran ceton. Ga yawon yini ɗaya kusa da gari ta wadatar, ga tafiyar kwanaki a wuri mai nisa ni ba zan dogara da ita kaɗai ba.

Toh in ni ne zan zaɓa, mai tafiya shi kaɗai ko mai jagorantar mutane a ƙafa, Mini 2 zan ce ya ɗauka, sabida tana hawa Iridium, tana amsawa, kuma tana tsayawa da ƙafarta in waya ta mutu, ga rashin nauyi. Mai doguwar tafiya a mota ko jirgin ruwa da ba ya son yawan caji, Messenger. Wanda damuwarsa ita ce na gida su same shi cikin sauƙi kuma yana da fawa bank da waya mai ƙwari, ZOLEO za ta yi masa daɗi sosai. Gen4 kuma sai ga wanda buƙatarsa a riƙa ganin sawunsa a taswira ne kawai, a yankin da ya tabbatar tana kamawa.

Ko wacce ka saya, ka fita fili ka gwada tura saƙo kafin kowace tafiya, ka sabunta manhajar cikinta, ka cike sunayen mutanen gaggawa da bayanin lafiyarka, kuma ka zauna da na gida ku yi yarjejeniya cewa shiru na yini ɗaya ba ya nufin haɗari, wataƙila kwazazzabo ne ko batir, ku tsayar da awa nawa za su jira da wanda za su kira in lokacin ya wuce.

Mai tsallaka iyaka kuma ya binciki dokar ƙasar da za shi tun kafin ya haɗa kaya, don ba ko'ina aka yarda a shiga da na'urar tauraron ɗan'adam ba. Indiya ce misalin da aka fi sani, ta haramta shiga da na'urorin Iridium ba tare da izini ba, kuma an sha tsare matafiya a filayen jirginta sabida inReach da aka gani a jakarsu, ko da a kashe take. Akwai wasu ƙasashen ma masu neman izini ko rijista tukuna, sabida haka ka tambayi ofishin jakadancinsu, har da na ƙasar da jirginka zai yada zango kawai.